Randar da Kawu Ya Bari a Ƙarshen Fim

Ranar addu'ar ukun Kawu, yayan mahaifiyata, an yi dariya a ƙofar gidansa da ke Wuro Hausa. Ba irin murmushin da ake ɓoyewa a hannun riga ba, dariya sosai, har da mai tari. Mu mata muna cikin gida muna rabon masa da gumba, sai muka tsaya muna kallon juna. Wa ya haukace a wurin makoki?

Na leƙa ta zaure. Wani tsoho ne dogo siriri ya sauka daga keke, ya tuɓe takalmansa a bakin tabarma, ya jera su, ya yi taku biyu, ya dawo ya sake duba su. Iyakar abin da ya yi ke nan. Amma duk wanda ya taɓa kallon ɗan fim ɗin barkwancin da Kawu ya yi ya gane shi nan take. Mai Kwaɗo ne, tsohon da ya fito a fim ɗin. Modibbo, malamin unguwa, ya ɗaga hannu zai fara addu'a, hannun ya tsaya a sama, kafaɗunsa na rawa. Wani ɗan kasuwar Jimeta ya rufe fuska da hula yana cewa, "Abeg, Allah ya yafe mana, no be my fault." Shi kuwa tsohon da ake wa dariya kuka yake yi, hawaye na bin gemunsa. Ni kaina ban san wanne zan yi ba, sai na yi duka biyun na koma ciki.

Goggo, matar Kawu, tana zaune a tabarmar takaba, ta ji komai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Har ya mutu ba a gama dariyar ba?"

Tun ranar rasuwar muke cikin damuwa da ita. Kafin a fita da gawa, Innata ta durƙusa a gabanta kamar yadda aka saba, ta ce, "Za a fita da shi, ki yafe masa." Goggo ta ce, "Allah ya jiƙansa." Innata ta maimaita. Ta sake cewa, "Allah ya jiƙansa." Sau uku ana yi, kalmar yafewa ba ta fito ba, maza kuma suna jira a zaure, haka aka fita da shi. Tun daga ranar Innata ba ta ci abincin kirki ba. Ɗan'uwanta ya kwanta a ƙasa da haƙƙin matarsa a wuyansa, abin da take faɗa ke nan safe da yamma.

Da yammar ukun nan Goggo ta kira ni. Ta nuna kwamfutar Kawu da baki, ta ce, "Ke ce malamar makaranta, kin san kanta. Ki goge abin nan kafin addu'ar bakwai. Kada ya rage ko ina."

A nan kaɗai fim ɗin ya rage, faya-fayan da Kawu ya raba duk sun ƙarce. Na ce to, don ba a yi wa mai takaba gardama. Amma na kwana biyu ina zagaye kwamfutar ban taɓa ta ba.

Bari in faɗi wane ne Kawu, ga wanda bai san shi ba. Kakanninmu maɗinka ne da suka zo Yola daga arewa, duk zuriyar allura ce, shi kaɗai ya fanɗare. Yana saurayi ya kama aikin juya injin majigi a wata silima a Jimeta, da silimar ta mutu ya sayi kyamara ya koma ɗaukar bukukuwa. Gajere ne, mai ƙaramin gemu, kullum da tsumma a aljihu don goge gilashin kyamara, har tabaran mutane yakan karɓa ya goge ba a roƙe shi ba.

Kallon talabijin da shi kuwa azaba ce. Ni a unguwar Limawa na tashi, amma hutu a gidansa nake yi, kuma ban taɓa kallon fim ɗaya ya kai ƙarshe lafiya ba. Ana tsakiyar daɗi zai danna rimot, hoto ya daskare.

"'Yar Inna, me kika gani?"

"Kawu, mutum ne yana kuka."

"Wannan ko akuya ta gani. Me aka ɓoye miki? Ina ƙafarsa? Wa ke bayansa? Me ya sa aka matso da fuskarsa har kina ganin ƙurjin hancinsa?"

Idan na rasa amsa sai ya girgiza kai ya ce an yi asarar kuɗin makaranta. Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, mai ɗauka ba ya tsayar da kyamara a kan abu don bai da aikin yi. Idan hoto ya daɗe, ki tambayi dalili. Na ji wannan ya fi sau ɗari, har nakan riga shi ƙarasawa don in ba shi haushi.

A wurin biki ma halinsa daban ne. An taɓa yin rigima da shi a Limawa, ango ya zo har shago yana faɗa, wai ya biya a ɗauki amaryarsa, an cika masa kaset da tsofaffi marasa haƙori suna cin goro. Kawu ya ce, "Amarya kana da ita a ɗaki, je ka kalla. Waɗannan fa?" Ango ya tafi yana zage-zage. Bayan 'yan shekaru kakarsa ta rasu, babu hotonta ko ɗaya a gidan sai wanda ke cikin kaset ɗin, tana dariya da goro a kumatu. Ya dawo da kansa ya nemi a ƙara masa kwafi. Kawu bai tuna masa da komai ba, tabaransa kawai ya karɓa ya goge.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, taubashina, abokin tsokanata tun muna yara. Goggo Bafulatanar Yola ce ta ainihi, ɗan fari ba a kama sunansa, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. "Wancan" take ce masa. Kawu kuwa, duk da shi Bahaushe ne, zama da ita ya sa ya fi ta kunyar. Ban taɓa jin ya kira sunan yaron ba. Idan ya dawo hutu daga makaranta, gaisuwar Kawu ba ta wuce "An iso?" yana kallon bango.

Yana karatu a Mubi shekarar da masu bindiga suka shiga garin. Mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan tirela, wasu a ƙafa ta cikin duwatsu, ƙafafu a kumbure. Kowane gida ya cika da baƙi. Taubashina bai zo ba. Wayarsa ta yi ringi kwana biyu, sannan ta mutu. Wani ya ce ya gan shi a hanyar Kamaru, wani ya ce a'a, wani ne mai kama da shi. Babu gawa balle a yi salla, babu labari balle a yi murna. Har yau da nake rubutun nan haka muke.

Abin da Kawu ya yi a lokacin shi ya ruɗa kowa. Ya sayo wani ƙaton kwaɗo ya garƙame ɗakin yaron, bai ce wa kowa uffan ba. Sannan ya ɗauki kyamara, kullum da safe ya hau keke ya haye gadar Binuwai zuwa Damare, inda aka tsugunar da masu gudun hijira. Da aka tambaye shi me yake yi can, sai ya ce fim zai yi, na ban dariya. Innata ta ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Ni ma na yi zaton haka, ban dai faɗa ba.

Ina gidan ranar da abin ya fashe. A ƙofar ɗakin yaron akwai wata ƙaramar randa da yake sha a ciki tun yana ƙarami. Kawu ya zubar da ruwan, ya cire kwaɗon ƙofar, ya kinkimi randar zai kai keke, wai kayan wasa ne. Goggo ta tare hanya da ludayi a hannu. Ba za ta iya cewa ɗanka ba, ba za ta iya cewa ɗana ba, sai ta ce, "Mutane suna neman nasu, kai kana neman dariya. Har randar?"

Kawu ya tsaya, ya buɗe baki. Sai ya ce, "Miyar nan taki tana ƙonewa." Ya raɓa ta ya wuce.

Bayan mako ya dawo da randar da kwaɗon, kowanne ya koma wurinsa. Amma daga ranar magana tsakaninsu ta koma ga abinci da an gode. Goggo ba ta taɓa kallon fim ɗin ba, kuma ba ta sake bi ta ƙofar ɗakin nan ba. Shi kuma ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: kowace safiya shi da kansa yake wanke randar ya cika ta, ba ya yarda kowa ya taɓa. Muka riƙa yi masa tsiya, muna cewa tun da randa ta fito a fim ta zama Hajiya. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da zuba ruwansa.

Fim ɗin bai kai minti goma ba, kuma babu magana a cikinsa, don mutanen sansanin kowa da yarensa. A wani aji a cikin sansanin aka fara nuna shi bayan la'asar, an toshe tagogi da barguna, ni ma na je. Yana buɗewa da kwaɗo, an matso da shi ya cika bango duka, an ɗauko shi daga ƙasa har ya yi kamar ƙofar banki. Hannun tsoho ya datse shi, ƙaras, sautin ya cika ajin. Ya ja, ya girgiza, ya tofa addu'a. Sai fuskarsa daga kusa, fuskar mai dukiya da ya gama tsare kayansa. Ya tafi, ya dawo ya sake dubawa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya karkata randa ya tura makulli ƙarƙashinta, alhali mutum goma na zaune a layi suna kallonsa. Nan aka fara ƙyaƙyatawa.

Sannan kyamara ta fara ja da baya a hankali. Sai ga shi ƙofar da aka kulle ta tanti ce, tantin kuma ba shi da baya sam, iska na kaɗa tamfol. Wata akuya ta zagayo ta shiga abinta ta sa baki a kwanon tuwonsa. Ajin nan ya kece. Matan da suka yi wata ba su yi murmushi ba suna dukan cinya, wani tsoho ya faɗo daga benci. Sau uku tsohon yana ƙara tsaro a ƙofa, sau uku akuya na ƙoshi, a na ukun har ta zo da 'ya'yanta.

Wannan duk na gane, don Kawu ya sha yi mini bayaninsa. Matsowa kusa ɓoyewa ce, in ji shi, ja da baya kuma tona asiri. Ka sa mai kallo ya yarda da abin da tsohon ya yarda da shi, sannan ka nuna masa gaskiya, tsakanin nan dariya take. Ya ce da ya fara da nuna tantin gaba ɗaya, da tausayi za a ji, ba dariya ba. Sautin kwaɗon ma ba nasa ba ne, ƙofar shagon wani mai walda ya ɗauka ya ɗora a kai. Ya ce bai sa kiɗa ba don kada ya faɗa wa mutane lokacin da za su yi dariya, ai ba yara ba ne.

Ƙarshen ne ya gagare ni. Bayan akuya ta tafi, tsoho ya tafi, sai kyamara ta koma kan randar ta tsaya. Babu mutum, babu sauti sai iska. A can baya, dishi-dishi, ana hango ƙofar sansanin, mutane na shigowa da ƙunshin kaya a ka. Hoton ya daɗe har dariya ta mutu a ajin, mutane suka fara gyaran murya, wani ya ce inji ya maƙale. Sannan duhu.

Na tambaye shi a hanyar dawowa. "Kawu, ka ɓata ƙarshen. Me ya sa ba ka yanke a kan akuya ba?"

"Me kika gani?"

"Randa."

"To, kin gani ke nan."

Na sake tambaya bayan shekara, na sake bayan wasu shekarun. Wata rana na ce ko batir ne ya ƙare masa ya ji kunyar faɗa. Ya yi dariya har ya share ido. Na haƙura, na ɗauka kuskuren tsufa ne.

Ranar ukun, kafin Mai Kwaɗo ya tafi, na kai masa ruwa a zaure. Ɗan tireda ne daga wajen Michika, ya koma garinsu tuntuni, labarin rasuwar ne ya taso shi. Da Hausarsa ta mutanen dutse ya ce, "Kawunki ya wahal da ni a kan randa nan. Akuya ya yi nashi sau ɗaya, an gama. Ni sa makulli kawai, sau nawa, sau nawa. Ya ce in sa shi yadda mai zuwa zai samu." Ya sha ruwa ya ƙara da cewa, "Kuma kyamara nashi kullum bakin get yake kallo. Mota ya shigo, aiki ya tsaya, sai ya ga kowa ya sauka."

Maganar ta tsaya mini a rai, amma ban iya haɗa ta da komai ba. Ga umarnin Goggo, ga Innata tana ramewa, ga bakwai saura kwana biyu. Idan na goge, na goge abu ɗaya da Kawu ya yi da hannunsa don kansa. Idan na ƙi, na ƙara wa mai takaba ciwo. Sai na yi abin da ban taɓa yi wa babba ba, na yi ƙarya. Da hantsi, masu gaisuwa sun ragu, na ɗauki kwamfutar na zauna kusa da ita na ce, "Goggo, ba ya goguwa sai an buɗe shi ya kai ƙarshe."

Ta harare ni. Ta juya mini baya ta ja carbinta. "Ki yi ki gama."

Kwaɗo ya yi ƙaras. Na ga bayanta ya motsa. Da aka zo kan akuya ta riga ta juyo rabi, tana kallo ta gefen mayafi. Da akuya ta zo da 'ya'yanta, wata dariya ta kuɓuce mata ta hanci, ta yi maza ta ce astagfirullah. Sai ƙarshen ya zo, randa ita kaɗai, iska, mutane na shigowa daga nesa. Na kai hannu zan rufe.

"Bari," in ji ta.

Ta kalla har duhu ya zo. Ta ce in mayar baya, wurin da tsoho ke sa makulli. Na mayar. Ta matso da fuskarta har numfashinta na taɓa gilashin. Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta fita tsakar gida ba takalmi, ta nufi ƙofar da ta yi shekaru ba ta bi ta gabanta ba. Na bi ta ban san me ake ciki ba.

Randar na nan, ruwan ya yi ƙasa, kwana biyar ba mai cikawa. Ta ce in kama mata. Muka karkata ta. Ga makulli a kwance a kan wani ɗan fale-falen dutse, an naɗe shi da irin tsumman da Kawu ke goge gilashi. Ta warware. Babu tsatsa ko ɗigo, yana ƙyalli da mai.

Ta zauna a ƙasa a wurin. Da ƙyar ta ce, "Nan muke ajiye wa wancan. Idan ya dawo hutu ba ma gida, nan yake dubawa." Ta juya makullin a tafinta. "Na ɗauka ya rufe ɗakin ne ya rufe maganar."

Sai a lokacin na fahimci abin da na kalla sau ashirin ban gani ba. Faifan da Kawu ya yi ta raba wa direbobi masu zuwa bakin iyaka kyauta, muna cewa son a san shi ne. Hoton da ya daɗe, ba don mu ya daɗe ba. Ya bar shi ne don idan akwai wani saurayi a wani sansani, a wata ƙasa, da ya zauna kallon tsoho da akuya, ya samu lokacin da zai gane randarsu. Bakin Kawu bai iya kiran sunan ba, ko a gaban matarsa. Na ji kunya ta kama ni, na tuna batir ɗin da na ce ya ƙare masa.

Har yanzu ban san inda zan ajiye fim ɗin nan a raina ba. Na sake kallonsa jiya, akuya ta sake ba ni dariya, na ji haushin kaina, sannan na tuna shi ma dariyar yake so a yi. Ban san ko ya yi daidai da ya yi shiru shekarun nan ba. Da ya faɗi kalma ɗaya ranar da Goggo ta tare shi da ludayi, da ta wadatar. Ina jin haushinsa, ina kewarsa, kuma babu wanda zai danna rimot ya tambaye ni me na gani.

Na miƙa hannu in karɓi makullin in buɗe mata ɗakin. Ta hana. Ta naɗe shi da tsummansa ta mayar kan dutsen, muka daidaita randar. Ta ce in ɗebo ruwa, ta karɓi bokitin ta cika da kanta.

"Kada ki goge," in ji ta. "Ki je ki faɗa wa uwarki ta ci abinci. Na yafe masa duniya da lahira."

Na juya da sauri zan kai albishir, sai ta riƙe bakin zanena.

"Shi kuma fa? Wa zai je ya roƙa mini gafarar kawunki?"

Allah ka yi wa Kawu rahama, ka haskaka inda ya kwanta, ka isar masa da abin da bai tsaya ya ji ba. Randar tana nan a Wuro Hausa, Goggo ce ke cika ta yanzu kowace safiya.